Tambayi Masta: Yarinya Mai Son Tseren Mota, da Jar Filtar da Ake Yayi

Jama'a salamu alaikum. Wasiƙu sun taru wannan karon, na zaɓi uku saboda duk jirgi ɗaya ya kwaso su, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Masta barka da aiki. Ni yarinya ce shekarata 19, ina Aboabo nan Kumasi, na gama sakandare bara. Tun ina ƙarama ba abin da nake so irin mota, yanzu kuma kullum ina kan waya ina kallon Formula 1 da gasar mata ta F1 Academy, wallahi data ɗina duk can yake ƙarewa. Na yi lasin ɗina na DVLA, ni nake jan Vitz ɗin mamana in kai ta Kejetia in ɗauko ta. Babana ya ce wannan ba sana'ar ɗiya mace ba ce, 'yan layinmu kuma sai dariya suna ce min direba. Na tara ɗan kuɗi daga mayafan da nake sayarwa, sai wani yaro mai koyon aiki ya ce in sa wa motar jar filtar iskar nan mai tsini wai za ta ƙara gudu, in riƙa fita da asuba hanyar Ejisu ina koyon tsere kafin motoci su yi yawa. Dan Allah ka gaya min gaskiya, mace daga Zango za ta iya zama direbar tsere ko mafarki nake? Kuma in sayi filtar? — Ɗiyarka daga Aboabo

AMSA: Ɗiyata, bari in fara da inda ya fi tayar min da hankali. Hanyar Ejisu da asuba, a'a. Ban yarda ba, kuma yaron da ya ba ki shawarar nan ki ce masa Masta na gaishe shi. Wannan fa babbar hanyar Kumasi zuwa Ankara ce, lokacin da kike ganin ba kowa lokacin ne tireloli da manyan bas da suka kwana suna tafiya suke shigowa gari, direbobi idonsu ya yi ja saboda barci, ga masu tafiya masallaci, ga mata masu kai kaya kasuwa. Gudu a titi ba ya koya wa mutum tsere ko kaɗan. A filin tsere kwana ɗaya za ki sha sau ɗari har ki gane daidai inda za ki taka birki da inda za ki saki, a titi kuwa sa'a kawai kike gwadawa, da motar mamanki kuma.

Toh batun ko mace na iyawa, wannan an daɗe da wuce wurin. Maria Teresa de Filippis 'yar Italiya ta shiga Formula 1 tun 1958. Lella Lombardi, ita ma 'yar Italiya, ta samu rabin maki a tseren Sifen na 1975, har yau ita kaɗai ce macen da ta taɓa samun maki a gasar. Nan Afirka ma akwai Desiré Wilson ta Afirka ta Kudu da ta ci tsere da motar Formula 1 a gasar Ingila a filin Brands Hatch a 1980. Amma ni wadda nake so ki sani da kyau ita ce Michèle Mouton ta Faransa, saboda labarinta ya biyo ta maƙwabtanmu. Ita rali take yi, wato tseren da ake yi a hanyar daji da duwatsu da laka, mota ɗaya bayan ɗaya ana duba agogo. A 1981 ta ci ralin Sanremo da Audi Quattro, a 1982 ta ci na Fotugal da na Girka da na Brazil, mai karanta mata hanya a gefe ma mace ce, Fabrizia Pons. A ƙarshen wannan shekarar aka zo ralin Kodebuwa, kusan kilomita 5,000 cikin zafi da ƙura da jar ƙasa irin tamu, tana neman kofin duniya ita da Walter Röhrl na Jamus. Dab da za a tashi aka gaya mata mahaifinta ya rasu, ta daure ta shiga, ta yi gaba da tazara mai yawa har giyar motar ta fara ba ta matsala, daga baya motar ta bar hanya ta kife, Röhrl ya ɗauki kofin ita ta zo ta biyu a duniya. Cikin maza fa, ba gasar mata ba. Sai Jutta Kleinschmidt ta Jamus wadda ta cinye Paris-Dakar, tseren ratsa sahara, gaba ɗaya a 2001 da Mitsubishi Pajero, irin Pajeron nan dai da alhazanmu suke ji da ita.

Yanzu ga ɗacin. Kin ce in gaya miki gaskiya ai. Formula 1 da kike kallo, a shekara 19 jirgin ya riga ya yi nisa, kuma ba don ke mace ce ba, ko namiji ne haka zan ce masa. Yaran da suke kaiwa can suna fara tuƙa kat, ƙaramar motar nan mai kusan taɓa ƙasa, tun suna shekara 6 zuwa 8, Lewis Hamilton ma yana shekara 8 ya fara babansa na haɗa aiki biyu uku don ya biya. Daga kat sai Formula 4 a shekara 15, sai Formula 3, sai Formula 2, kuma kafin hukumar tseren mota ta duniya, FIA, ta ba mutum babban lasin shiga Formula 1 sai ya tara maki 40 cikin shekara uku. Kowane mataki kuɗi ne na tashin hankali, na ƙasa dubban ɗaruruwan yuro a shekara, na sama miliyoyi. F1 Academy ɗin da kike so, wadda aka fara a 2023 Susie Wolff na shugabanta, an yi ta ne don a rage wa 'yan mata nauyin nan, amma duk da haka a shekarar farko kowace direba sai da ta kawo yuro 150,000, daga baya aka sauke zuwa 100,000. Ki ɗauki waya ki buga shi da sidi ki gani, mayafi nawa ke nan. Kafin ita an yi W Series daga 2019, ita kyauta ma ake shiga, Jamie Chadwick ta ci kofin sau uku, Naomi Schiff mai jinin Ruwanda ta yi tsere a ciki, amma a 2022 kuɗi ya ƙare gasar ta tsaya ba a ma gama kakar ba. Ga shi kuma rabon Afirka da ganin tseren Formula 1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Ba na faɗa miki wannan don ki karaya, na faɗa ne don kar wani ɗan wayo ya zo ya ce ki kawo kuɗin fom zai kai ki Turai tsere.

Amma tsere ba Formula 1 kaɗai ba ne, nan ne mutane suke kuskure. Mouton ɗin nan ta haura shekara 20 kafin ta shiga rali, kuma da karanta hanya ta fara a kujerar gefe. Kleinschmidt injiniya ce ta yi aiki a BMW, da babur ta fara shiga sahara, tana da shekara 38 ta ci Dakar. Reema Juffali ta Saudiyya tana da shekara 26 ta fara tsere a 2018, shekarar da aka bar mata su yi tuƙi a ƙasarsu. Rali da tseren dogon zango ba su cika damuwa da shekaru ba, kuma a nahiyar nan ake yin su, Safari na Kenya ya dawo cikin gasar duniya tun 2021, na Kodebuwa ma ga shi nan kusa da mu.

In ni ne ke, kuɗin mayafan nan kashi biyu zan yi da shi. Na farko in kin je Ankara ki nemi wurin da ake hayar kat, ki hau, ki sa a rubuta miki lokacin kowane zagaye, ki koma wani watan ki ga ko kin rage. Agogo ba ya kara, ba ya duba ke mace ce ko 'yar Zango ce, shi zai fara gaya miki ko akwai abin a jininki ko kallo ne kawai yake miki daɗi. Na biyu ki nemi sitiyari da feda na kwamfuta ko na hannu ne, ki riƙa tsere da mutanen duniya ta intanet, kar ki raina shi, Jann Mardenborough na Birtaniya ta gasar wasan kwamfuta ya fito a 2011, a 2013 ya zo na uku a ajinsa a Le Mans, tseren awa 24 na Faransa, da motar gaske. Sannan ki motsa jiki, musamman wuya da kafaɗa, don a kwana mai tsanani kai da hular kwano nauyinsu ninkuwa yake yi.

Abu na ƙarshe kuma shi na fi so ki riƙe. Ke a Kumasi kike, Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota, na bayan gidanku, jami'ar KNUST na gabanku da sashen injiniyan inji. Motar tsere guda ɗaya mutane da yawa ne a bayanta, kuma mata sun shiga nan sosai. Leena Gade ita ce injiniyar motar Audi da ta ci Le Mans a 2011, Hannah Schmitz ta yi suna wajen tsara wa ƙungiyar tsere ta Red Bull lokacin canja taya, Laura Müller ta zama injiniyar tsere ta direba Esteban Ocon a ƙungiyar Haas a 2025. Wannan ƙofar da karatu ake buɗe ta ba da yuro ba. Kuma da ita za ki shiga wajen babanki. Kar ki je masa da bidiyon mota tana wuta kina cewa Baba ni wannan zan yi, wane uba ne zai yarda? Ki sami kawunki ko gwaggonki da yake jin maganarsu, ki ce karatun injin mota kike so, in ya ga kin buɗe bonet kin gano abin da ke damun Vitz ɗin nan kafin a kira fita, wato makanike, rabin maganar ta ƙare.

Filta kuma kar ki saya. Dalilin na ƙasa, ki karanta amsar ɗan'uwanki na Nima.

TAMBAYA: Masta ina gaisuwa. Ni direban Bolt ne a Ankara, Corolla nake ja. Wata uku da suka wuce wani ya sayar min da filta mai jan yadi wadda ake wankewa ana shafa mata mai, ya ce za ta ƙara ƙarfi ta rage shan fetur kuma ba zan sake sayen filta ba har abada. Gaskiya ƙarar motar ta yi daɗi, in na taka sai ka ji tana gurnani, amma man da nake sha yana nan yadda yake, kuma tun da na wanke ta na shafa man wutar cek injin ta kama, in na tsaya a trafik motar na rawa. An cuce ni ne ko ni ne ban iya ba? — Ƙanenka daga Nima

AMSA: Ƙanena, ƙara ka saya, kuma an ba ka ƙara. Bari in warware maka.

Injin fetur iska yake ci fiye da mai, nesa ba kusa ba. Kowane kilo ɗaya na fetur yana son iska kilo 14.7, in ka juya shi lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000 zuwa 10,000. Duk iskar nan ta filta take bi. Yanzu ka tuna iskar da kake shaƙa a Ankara daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da hunturu ya sauko da hazo daga sahara, ka wanke mota da safe kafin azahar ka rubuta sunanka a gilas da yatsa, ka ƙara da hanyoyin cikin unguwa da ba kwalta da wuraren da ake aikin titi. Ƙurar nan yawancinta garin yashi ne, in ta wuce filta tana haɗuwa da baƙin mai ta riƙa cin rin da bangon silinda a hankali, ba yau za ka gani ba, sai bayan shekara ka ji mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi ka ce ai injin ne ya tsufa.

Ita filtar yadi mai mai ba ƙarya ba ce a asalinta. Kamfanin K&N na Kalifoniya, wanda Ken Johnson da Norm McDonald suka kafa, shi ya yi suna da ita tun wajen 1969, daga tseren babur abin ya fito. Yadin auduga ne ninki-ninki tsakanin ragar waya, ƙofofinta sun fi na takarda faɗi, man da ake shafawa shi yake kama ƙura. Ka dubi mai koko in tana tace gasara, in ƙyallen mai sakin saƙa ne aikin na sauri amma dusa na bi, in mai matsattsen saƙa ne sai ta jira amma kokon ya fita sumul. Mai motar tsere ya zaɓi sauri don shi injinsa kullum totur a ƙasa yake, kuma bayan 'yan tsere kaɗan za a sauke injin a buɗe a canja abin da ya ci. Kai kuma so kake injin nan ya kai ka shekara biyar kana biyan kuɗin makaranta da na haya. Ba buƙatarku ɗaya ba. Kuma ko masu ralin da suke shiga ƙura sosai da yawansu soso mai mai suke sawa, wasu da bututun da ke ɗauko iska daga saman rufi, kuma kullum cikin wankewa da canjawa suke.

Batun ƙarfi, a mota irin taka da ba a taɓa injinta ba, abin da za ka samu hospawa ɗaya ne ko biyu ko uku, shi ma sai allura ta kusa jan layi. Tsakaninka da Allah, daga Circle zuwa Madina da yamma sau nawa kake kai allura can? Vitz ɗin ɗiyata ta Aboabo in mai ƙaramin inji ce dududu hospawa wajen 70 gare ta, ko an ƙara mata ɗaya ba wanda zai ji. Mai tsinin nan da ake cire akwatin filta gaba ɗaya a ɗaura ta tsirara cikin bonet ita ta fi ban haushi, don akwatin da kamfani ya yi daga waje yake jawo iska mai ɗan sanyi, ita kuwa zafin inji da na lagireto take zuƙa, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi, ƙarfin ma raguwa yake yi a trafik. Wasu sai su ce to a sauke bututun ƙasa kusa da bamba ya sha sanyi. A Ankara? Ruwan Yuni ɗaya ya tare ka a Kaneshie ko bakin Odaw, injin ya zuƙi ruwa, ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ta lanƙwashe, sai dai a tafi kasuwar kayan mota ta Abossey Okai neman wani injin.

Shan fetur kuwa dama ba zai canja ba. Motar zamani mai injekta akwai sensa da ke auna iskar da ta shiga, kwamfuta ta ba da mai daidai da ita, iska ta ƙaru mai ya ƙaru. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada wannan, suka toshe filta da gangan, suka ga a motoci masu injekta shan mai bai wani canja ba sai dai motar ta yi nauyin tashi, tsohuwar mota mai kabureta ce abin ya taɓa. Kenan maganar da iyayenmu direbobi suke yi cewa filta mai datti na shan mai gaskiya ce a zamaninsu.

Ita sensar nan ce nake zargi a motarka. Tana nan cikin bututu bayan akwatin filta, sukurori biyu ne ke riƙe da ita, in ka ciro ka leƙa za ka ga wata 'yar siririyar waya da ake ɗumamawa da lantarki. In ka cika wa filta mai, iska na kwasar man ta fesa wa wayar, ƙura ta manne, sai ta fara ba kwamfuta lissafin ƙarya, daga nan rawa da wutar cek injin. Ka je wajen mai na'ura ya karanta lambar matsalar tukuna kar a yi ta canje-canjen kaya da ka, in ita ce a fesa mata maganin wanke sensa na gwangwani, kar a taɓa wayar da hannu ko tsumma, kar a sa fetur, a bari ta bushe a mayar. Sannan ka koma filtar takarda mai kyau, ka duba robar bakinta ta zauna daram ba rata, ka shafa yatsa cikin bututun bayanta, in ka ga ƙura a yatsanka to akwai inda iska ke satar hanya. Littafin mota zai ce maka kilomita 15,000 zuwa sama, amma mai aikin Bolt a ƙurar nan ya riƙa dubawa duk lokacin juyen baƙin mai, bayan hunturu kuma ya canja kawai. Kuma dan Allah ku daina bari yara a wajen wanki suna hura mata iskar kwamfaresa da ƙarfi, tana fita fes a ido amma takardar ta riga ta yayyage.

TAMBAYA: Masta, ni uwa ce. 'Yata mai shekara 14 ta nace sai an kai ta wajen tuƙa ƙananan motocin nan na kat, kuma wai in ta girma aikin fita za ta koya. Ni ba na hana ta, abin da ke damuna sutura ne da haɗari. — Hajiya daga Madina Zango

AMSA: Hajiya barka da ƙoƙari, Allah Ya raya ta. Ta fannin sutura hankalinki ya kwanta, kayan tsere sun rufe jiki tun daga wuya har idon sawu, ga safar hannu, ga wata hular yadi da ake sawa ƙarƙashin hular kwano wadda ido kawai take bari a waje. Amna Al Qubaisi da ƙanwarta Hamda daga Daular Larabawa duk sun yi F1 Academy, kuma babansu ne ya sa su a hanya, shi ma direban tsere ne. Inda nake so ki sa ido shi ne mayafi da doguwar riga mai jan ƙasa. A kat injin da sarƙa da sandar tayar baya suna dab da bayan mai tuƙi, in bakin mayafi ko jelar kitso ta sauka can nannaɗewa take yi cikin ƙiftawar ido, kuma wuya take ja. Haka a gareji kusa da fanbel. Ki sa mata ƙaramin hijabi mai shiga cikin riga, a tura komai ciki a ja zif har sama, takalmi rufaffe ba silifa ba. Ki je da ita da kanki ranar farko, ki ga hular kwanon ta kama kanta ba ta juyawa in ta girgiza, in wurin ba su da daidai kanta ku dawo gida a sayo nata.